Mun sauka a Malesiya, jikinmu yana Kano

Ƙarfe 1 na dare ta ɗan gota, a kwananmu na farko a Kuala Lumpur, na buɗe ido tar kamar wanda aka yayyafa wa ruwan randa. Na lallaɓa zuwa falo don kada in tashi kowa, ashe ni ne na ƙarshen farkawa. Hajiya, mahaifiyata, tana kan darduma tana jan carbi. Maiɗakina tana kicin tana lallashin ɗanmu mai shekara 6, wanda ya kafe shi tuwo zai ci. Auta, 'yar wata 14, ta sami murfin tukunya tana kiɗa. Ƙanena, wanda bikin kammala karatunsa ne ya kai mu, ya fito yana mutsuttsuka ido.

"Yaya, lafiya? Ko masaukin ne bai yi muku ba?"

Hajiya ce ta amsa masa. "Masauki ba shi da laifi. Ni dai jikina ne yake ce mini magariba ta gabato."

Ba ta san irin gaskiyar da ta faɗa ba. Agogon Malesiya yana gaban na Najeriya da awa 7, saboda haka a daidai wannan lokacin ƙarfe 6 na yamma ne a Kano, ana shirin alwala, ƙamshin miya yana tashi daga gidaje. Yaron da ya nemi tuwo ba rigima yake yi ba. Lokacin tuwo ne ya yi a cikinsa.

Mu duk abin da ya sami matafiyi gajiyar hanya muke ce masa, har gaisuwa gare ta. Amma abu biyu ne muke cusawa a buhu ɗaya. Akwai gajiyar hanya ta ainihi, wadda duk wanda ya kwana a motar Legas zuwa Kano ya sani: ciwon baya, ciwon kai, kumburin ƙafa. Wanka da abinci mai zafi da barcin dare ɗaya sun ishe ta. Sai kuma ɗaya abin, wanda Bature ya raɗa wa suna jet lag a shekarun 1960, bayan jirage masu injin jet sun shiga jigilar fasinja gadan-gadan. Ni zan kira shi rikicewar agogon jiki. Shi barci ɗaya ba ya maganinsa, kuma ba daɗewa a cikin jirgi ke kawo shi ba, ratsa duniya ta gabas ko ta yamma da sauri ne. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, don haka duk digiri 15 da ka tsallake ka bar awa guda a baya ko ka cim mata a gaba. Wanda ya tashi daga Abuja zuwa Landan zai shafe fiye da awa 6 a sama, amma arewa ya nufa, agogon can ko dai daidai yake da namu ko yana baya da awa 1. Gajiya kawai zai sauka da ita.

Abin da ya sa yawancinmu ba mu san shi ba ke nan. Inda muka fi zuwa Saudiyya ce, awa 2 ce tsakani, hidimar ibada kuma tana binne ta. Kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa ta Borno da Chadi da Sudan, wasu har shekaru a hanya, ba su taɓa jin labarinsa ba, don jikinsu da rana tare suke tafiya. Waɗanda suka san shi a jika su ne 'yan Kantin Kwari masu zuwa sari Guangzhou ta ƙasar Sin, da ɗalibanmu na Malesiya, da masu 'ya'ya a Amurka.

To wane agogo ne wannan? A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Shi ne babban agogo. A cikin kowace ƙwaya ana sarrafa wasu sinadarai da ke taruwa sannu a hankali, idan sun yi yawa sai su da kansu su toshe hanyar da ake yin su, su ragu, a sake farawa, kamar tankin ruwa mai rufe kansa idan ya cika. Zagaye ɗaya yana ɗaukar kimanin kwana guda. Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami kyautar Nobel a 2017 saboda gano yadda wannan yake aiki, kuma a jikin ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro suka gano shi.

Wannan agogon ne yake ba da umarnin sakin melatonin, sinadarin da ke sanar da jiki dare ya yi, kamar awa 2 kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya. Shi ne yake sauke zafin jiki a ƙarshen dare, ya ɗaga shi kafin asuba. Ba ya karanta agogon bango ko na waya. Haske ya fi saurare. A cikin ido akwai wasu ƙwayoyi da ba aikin gani suke yi ba, aikinsu auna hasken gari da kai rahoto. Sannan hanta da hanji suna da nasu ƙananan agogai, su kuma sun fi bin lokacin cin abinci. Shi ya sa rikicewar ba ta tsaya ga barci ba: yunwar tsakar dare, rashin sha'awar karin kumallo, ciki ya ɗaure kwana biyu, duk gidansu ɗaya. Babban agogo ya fara matsowa, na hanji yana can baya, kowa da nasa lokacin kamar gari mai masallatai da yawa.

Akwai abu na biyu da ke jawo barci, shi ne bashi. Tun daga lokacin da ka farka, wani sinadari mai suna adenosin yake taruwa a ƙwaƙwalwa, yawansa shi ne nauyin idon da kake ji. Idan kana gida, bashi da agogo bakinsu ɗaya: bashi ya taru da dare, agogo ya ce dare ne. Mu kuwa mun kwanta ƙarfe 10 na daren Kuala Lumpur da bashin fiye da kwana guda a kanmu, barci ɓarawo ya kwashe mu nan take. Amma a wajen agogon jiki ƙarfe 3 na rana ne, ƙailula muke yi. Da aka rage bashin na awa 3, sai ya ce to a tashi haka, la'asar ta wuce. Muka yi ta zama har wajen 5. Ana dab da kiran sallar asuba, wanda a can wajen ƙarfe 6 ake yi, sai barci na gaske ya zo, don a Kano 11 na dare ta yi. Ban taɓa shan wuyar sallar asuba irin ta waɗannan kwanaki ukun ba.

Zuwa gabas ya fi zuwa yamma wuya, kuma akwai dalili. Agogon jikin ɗan'adam bai cika awa 24 cif ba, ya ɗan ɗara. Wani bincike da Charles Czeisler da abokan aikinsa suka fitar daga jami'ar Harvard a 1999 ya nuna matsakaicinsa awa 24 da minti 11. Ke nan jiki ya fi son a ƙara masa tsawon yini a kan a gutsure masa. Kowa ya san wannan ba tare da littafi ba: ka iya kaiwa tsakar dare kana hira idan ka so, amma a ce ka yi barci tun la'asar da ƙarfin tsiya, ba ya yiwuwa. Mai zuwa yamma tsawaita hira ake nema a gare shi. Mai zuwa gabas barcin dole. A ƙiyasin da likitocin barci suke yi, jiki yana matsowa kamar awa 1 a kwana idan gabas aka nufa, kamar awa 1 da rabi idan yamma ce. Awa 7 mako guda ke nan. Mu kwana 12 muka je yi. Da na yi wannan lissafin kafin in sayi tikiti, da ban sa mun isa saura kwana 2 biki ba.

Inda abin yake da tarko shi ne batun haske. Shawarar da kowa yake bayarwa ita ce a fita a sha rana da safe. Ƙanena ma haka ya ce, ni kuma na bi, na ja yaro muka fita yawo ƙarfe 8. Amma haske wuƙa ce mai baki biyu. Akwai wani lokaci a ƙarshen dare da zafin jiki yake kaiwa ƙasa tak, awa 2 zuwa 3 kafin lokacin da mutum ya saba tashi. Hasken da ya shiga ido bayan wannan lokacin yana jawo agogo gaba, wato jiki ya ɗauka gari ya waye da wuri. Wanda ya shiga kafin lokacin tura agogo baya yake yi, jiki ya ɗauka yamma ce ta ƙi ƙarewa. Mutumin Kano da ke tashi asuba, wannan gaɓar tasa tana faɗawa wajen 3 na dare, wato 10 na safe a Kuala Lumpur. Ranar da na sha ƙarfe 8 ba taimakona ta yi ba, baya ta ja ni, ni da nake neman gaba. Abin da ya dace a kwana biyun farko shi ne a zauna a inuwa, labule a sake, har hantsi ya ɗaga sosai, sannan a fita a wuni a waje daga walaha zuwa la'asar. Kullum gaɓar tana matsowa da kamar awa guda, zuwa kwana na huɗu hasken safe ya zama aboki. Da dare kuma a rage fitila, a ajiye waya, wanda shi ne ya fi wuya, tunda a lokacin ne 'yan gida suke farke suna turo saƙon ya kuka sauka.

Shi kansa jirgin yana da nasa kason. Daga Abuja zuwa Doha kimanin awa 7, aka yi zaman jira, sannan wata awa 7 da ɗoriya zuwa Kuala Lumpur. Jirgi yana tafiya sama da ƙafa 35,000, amma iskar da ke ciki ana matse ta ta zama kamar ta tudu mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wato har ninki biyu na tudun Jos. Iskar da jini ke ɗauka tana ɗan raguwa, iskar cikin hanji tana kumbura. Danshin da ke cikin jirgi kuma bai cika wuce kashi 20 cikin 100 ba, hunturun Kano sak, leɓe ya bushe, hanci ya bushe, abinci ya yi salam a baki. Maiɗakina da ta sako man kaɗanya a jakar hannu ta fi mu dabara. Kukan da yara ke yi lokacin sauka ba shagwaɓa ba ce, 'yar hanyar da ta haɗa kunne da maƙogwaro ce ba ta buɗewa da sauƙi a wajensu, sai iska ta danne dodon kunne. Haɗiya ce take buɗe ta. Auta nono aka ba ta, yayanta alawa.

Hajiya ce na fi sa wa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2007 cewa zaman awa 4 ko fiye wuri ɗaya a tafiya yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, ko da yake haɗarin ƙarami ne, kamar mutum 1 cikin 6,000. Tsofaffi da masu ƙiba da masu juna biyu sun fi kusa da shi. Ita kuma ta ƙi shan ruwa don kada ta yi ta tashin mutane zuwa banɗaki, kunya irin ta iyayenmu. Sai da na ce, "Hajiya, ku taimaka ku rako ni mu ɗan taka, ƙafata ce ta yi tsami," sannan ta miƙe. Maganinta na hawan jini mun tambayi likitanta tun a gida yadda za a matsar da lokacinsa. Mai allurar ciwon suga ya fi kowa bukatar wannan tambayar, don yinin tafiya gabas gajere ne, abinci da allura sai sun sake lissafi. Gajartar yinin har a salla mun gan ta. Muna ta ƙasaru da haɗawa, amma dare ya shige kamar an yanke shi da almakashi, ban gama gyara kwanciya ba na ga alfijir ta taga. Hajiya ta tuna mana hadisin nan da ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa.

Tafiyar iyali ta bambanta da ta mutum ɗaya a nan: agogo biyar muka ɗauko, kuma ba tare suke juyawa ba. Yaron ne ya fara daidaita, don ba ya zama a ɗaki kuma ba ya shan shayi. Auta ba a yi mata bayani, duk lokacin da ta farka gari ya waye, uwarta kuma dole ta bi ta, saboda haka maiɗakina ce ta fi kowa daɗewa a wahale ba don nata agogon ya fi taurin kai ba. Da na gane haka sai muka raba dare biyu. Hajiya kuwa goro ne ya riƙe ta. Sinadarin da ke cikin goro da gahawa da shayi yana toshe wurin da adenosin yake kamawa, bashin yana nan amma ba a jin sa, kuma bayan awa 5 rabinsa yana nan a jini. Goron bayan magariba da ba ya hana ta barci a Kano, a can ya isa ya kai ta asuba. Raba tsohuwa da goronta ba aikin ɗa ba ne. Roƙo na yi a mayar da shi hantsi.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, wato yadda muka ga ƙasar da farko. Muna fitowa daga filin jirgin Kuala Lumpur da ke Sepang, iska mai ɗumi da laima ta rufe mu kamar an yafa mana jiƙaƙƙen bargo. Hanya ta ratsa gonakin kwakwar manja iya ganinka. Mota tana bin hannun hagu, wanda mu muka bari tun 1972, sai na ga kamar kowace mota kanmu ta yo. Muna shiga masauki Hajiya ta ce a nuna mata gabas. Ƙanena ya nuna mata wata 'yar kibiya a silin, an rubuta Kiblat. Ta kalli kibiyar, ta kalli taga inda rana take faɗuwa, wuri ɗaya suka nuna.

"Kai, yamma za ka sa ni in kalla in yi salla?"

"Hajiya, ai mun wuce Makka. Yanzu tana bayanmu."

Ta yi shiru. A Hausa gabas da alƙibla kalma ɗaya ce, mai salla ma cewa ake yana kallon gabas. Shekara saba'in ba ta taɓa tunanin za su rabu ba. Ta yi sallar, amma ta ce sai da ta ji kamar ta juya wa wani babba baya.

Lokutan sallar ma sun zo mana a karkace: azahar sai bayan 1, magariba bayan 7, rana ba ta fitowa sai wajen 7 na safe. Dalilin siyasa ne, ba na falaki ba. A ranar 1 ga Janairun 1982 aka tura agogon yammacin ƙasar gaba da minti 30 don ya daidaita da na jihohin Sabah da Sarawak da ke tsibirin Borneo. Idan da rana za a bi, tsakanin Kano da Kuala Lumpur awa 6 ce da 'yan mintoci. A masallaci liman ya karanta bisimilla a bayyane, ya yi ƙunutin asuba da ƙarfi jama'a na ɗaga hannu suna amin, don su Shafi'iyya ne. Yaron kuma shi ya gano sunayen ranaku a jikin kalanda: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad. Ya ce, "Abba, sun kwaikwayi namu." Na ce a'a, mu da su wuri ɗaya muka aro.

A rana ta biyu na yanke wa ƙasar hukunci. Na ce wa maiɗakina mutanen nan ba su da fara'a, ba gaisuwa, garin hayaniya ne da gumi, abincinsu duk sukari. Tagwayen benen Petronas, mai hawa 88 da tsayin mita 452, wanda ya riƙe kambun gini mafi tsayi a duniya daga 1998 zuwa 2004, na tsaya a gindinsa ban ji komai ba sai ciwon wuya. Ta ce, "Abbansu, ka bari ka yi barci tukuna." Ita ce da gaskiya, kuma kimiyya tana bayanta. A 2007 Matthew Walker na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da abokan aikinsa sun hana mutane barci na kimanin awa 35 suka nuna musu hotuna marasa daɗi, sai aka ga sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi yana zabura fiye da na waɗanda suka yi barci, sashen da ke tausarsa kuma ya yi sanyi. Mai rikicewar agogo da irin wannan ƙwaƙwalwar yake kallon sabuwar ƙasa. Ina zargin da yawa daga cikin labaran da matafiyan kwana huɗu suke dawo mana da su, cewa mutanen wuri kaza ba su da kirki, rabinsu labarin rashin barci ne.

Zuwa kwana na bakwai na ga wani gari dabam. Mutanen da na ce ba su gaisuwa, ashe murmushi ne da ɗan sunkuyar da kai da ɗora hannu a ƙirji, ni ne nake jiran "ina kwana, ina gajiya". Kowace babbar kasuwar zamani da muka shiga akwai ɗakin salla da wurin alwala, surau suke ce masa. Shagunan abincin Musulmi 'yan asalin Indiya, waɗanda ake kira mamak, da yawansu ba sa rufewa dare da rana, su ne suka rufa mana asiri ƙarfe 3 na dare da roti canai, wata gurasa mai laushi da ake ci da romon wake. Ba duka hukuncina na janye ba. Miya da sukari da madarar kwakwa har yau ban shirya da ita ba, kuma yajin da Hajiya ta ƙullo a leda ya ƙare tun kafin mu taho.

Mun daidaita ke nan, saura kwana 5 a juyo. Dawowar ta zo da sauƙi kamar yadda lissafi ya nuna. Barci yana kama mu tun la'asar, amma gida cike yake da 'yan sannu da zuwa da masu jiran tsaraba, ba halin kwanciya sai bayan lisha, fitilu a kunne, ana ta hira. Ba su san magani suke ba mu ba. Cikin kwana 4 ko 5 kowa ya koma daidai, ban da Hajiya, wadda ta yi kusan mako tana farkawa ƙarfe 2 na dare. Na ce ko in kai ta asibiti a duba. Ta ce in bar ta, ta daɗe ba ta sami nafilar dare da sauƙi haka ba, kuma wannan karon gabas ɗinta tana inda ta bar ta.